Yadda zaka kai ziyara ƙaramin garin masana'antu dake bakin fadamar teku

Jama'a akwai wani irin gari da yawancin matafiya suke wucewa ta gefensa ko birki basa takawa, daga nesa abinda zaka hango kawai bututun hayaƙi ne da manyan tankuna da layin tireloli, sai kace me zan yi a nan. Amma a bayan waɗannan tankunan akwai fadama shimfiɗe har bakin teku, ruwa ya shigo ya fita kullum, tsuntsaye dubbai suna kiwo a taɓo, ga kuma mutanen da suka shekara aru-aru suna rayuwa tsakanin injin da ruwan gishiri. Ni gaskiya ina son irin wannan wurin sosai, shi yasa na zauna na rubuta yadda ake zuwa a ga abin gani a dawo lafiya. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, a irin wannan gari ba agogon hannunka ne yake tsara maka rana ba. Agogo biyu ne, na teku da na masana'anta, in ka san su ziyara tayi daɗi, in baka san su ba zaka sha wahala, wani lokacin ma rai ne a ciki.

Kafin matakan bari in ɗan faɗi dalilin da yasa masana'antu suke son bakin fadama, domin in ka gane wannan komai na garin zai zama kamar littafi a buɗe. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai araha wanda da can ba wanda yake rububinsa, ga ruwa mai yawa na sanyaya injina, ga jirgin ruwa zai kawo kaya masu nauyi ya kwashe, ga shi nesa da tsakiyar manyan birane. Sannan ga gishiri. Misali a kudancin Faransa cikin fadamar Kamarg akwai ƙaramin gari Salin-de-Giraud wanda gishiri ne ya haife shi a ƙarni na 19, daga baya kamfanin Solvay na Beljiyam ya kafa masana'antar sinadarai a wurin ya gina wa ma'aikata gidajen jan bulo layi-layi, har yau suna nan. A Ingila kusa da Middlesbrough akwai wurin kallon tsuntsaye mai suna Saltholme da aka buɗe a 2009, a tsakiyar masana'antun sinadarai yake. Kaga ba abu bane na ƙasa ɗaya, ko ina a duniya kusan tsarin ɗaya ne, shi yasa matakan nan zasu yi maka aiki duk inda ka nufa.

Mataki na 1: Nemo jadawalin cikar teku kafin ka yanki tikiti

Wannan shine uwa uba kuma a nan zan fi daɗewa. Wanda ya tashi nesa da teku yana ɗaukan ruwa kamar kogi ne ko tafki, inda ka barshi da safe nan zaka same shi da yamma. Teku ba haka yake ba. Jan da wata yake yi wa duniya, tare da na rana, shi yake sa ruwa ya ciko ya janye, a yawancin gaɓoɓi sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Ma'ana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, in yau ruwa ya cika ƙarfe 9 na safe toh gobe sai wajen 10 saura, jibi ya ƙara matsawa. Don haka kar ka dogara da maganar wanda yaje makon jiya yace maka "da safe ruwa baya nan". Safiyarsa daban taka daban.

Kowace tashar jiragen ruwa tana da jadawalinta, ana samu a intanet, ana kuma liƙawa a allo a bakin tasha. Nemi na tashar da ta fi kusa da garin, ba na babban birnin dake kilomita ɗari ba, domin bambancin zai iya kai awa guda ko fiye. Ka duba abu uku, lokacin cika, lokacin janyewa, da tsayin ruwan a mita. Ka kuma tabbatar agogon jadawalin yayi daidai da agogon gari, akwai ƙasashen da suke ƙara awa ɗaya a lokacin zafi kuma wasu jadawalin basa lissafa wannan. Ka ɗauki hoton jadawalin a waya sannan ka rubuta a takarda ka sa a aljihu.

Wanda ya saba da lissafin wata yana da sauƙi a nan. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu, nan ruwa yake cika maƙil ya kuma janye can nesa, saboda rana da wata sun jeru a layi ɗaya suna ja tare. Wajen 7 ko 8 ga wata da wajen 22 ko 23 kuwa ruwan yana lafawa, cikar kaɗan janyewar kaɗan. Babbar cika ta fi ban sha'awa amma ita ce ta fi haɗari, tana iya rufe hanyar da jiya ka taka a bushe. Girman abin ya danganta da wuri, a tekun Bahar Rum bai taka kara ya karya ba, 'yan santimita ne, a can iska ce ta fi tura ruwa, amma a gaɓar Fundy ta Kanada bambancin cika da janyewa yana kai mita 16.

Ga wani lissafi da matuƙan jirgin ruwa suke amfani dashi, ka haddace shi dan Allah. Cikin awa 6 da ruwa yake ɗauka yana cikowa ba gudu ɗaya yake yi ba. In ka raba ruwan kashi 12, awa ta farko kashi 1 ne yake shigowa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake zuwa. In bambancin wurin mita 6 ne, awa ta farko rabin mita kawai zaka gani sai hankalinka ya kwanta, amma awa ta uku kaɗai mita ɗaya da rabi ne, ya kai wa babban mutum wuya. Kuma a shimfiɗaɗɗen taɓo ruwa baya zuwa ta gabanka kamar yadda kake zato, ƙananan kwazazzabai na bayanka yake fara cikawa, kana kallon teku can nesa ashe tuni an yanke maka hanyar komawa. A watan Fabrairun 2004 a gaɓar Morecambe ta Ingila mutum sama da 20, 'yan China masu tsintar kifin ɓawo, wato ƙananan halittun ruwa masu ɓawo irin su kawa, haka ruwa ya rutsa dasu da daddare suka rasu. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, so nake ka ɗauki jadawalin da muhimmancin da ya kamata.

Mataki na 2: Zaɓi rana da masauki

In kana son ganin garin yana numfashi je a ranar aiki, in kuma shiru kake so da ƙarancin tireloli toh ƙarshen mako, sai dai ka sani a ƙananan garuruwa shaguna da motocin haya suna raguwa sosai ranar hutu. Ni shawarata kwana biyu, ɗaya na gari ɗaya na fadama, kuma ranar fadama ka zaɓi wadda ruwa zai cika da hantsi ko da la'asar, zan faɗi dalili a gaba. Game da lokacin shekara, a ƙasashen sanyi tsuntsayen ƙaura sun fi yawa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, lokacin zafi kuma sauro ne yake mulki. A ƙasashe masu zafi rani ya fi sauƙin tafiya.

Masauki ka kama tun kafin ka taso. Otal a irin garin nan kaɗan ne kuma 'yan kwangila ne suke cika shi, musamman in masana'anta ta tsaida injina don babban gyara, a lokacin ɗaruruwan ma'aikata suke zuwa daga waje sai ka rasa ko ɗaki ɗaya. Kira ka tambaya kai tsaye. Sannan buɗe taswira ka ga ina masana'anta take ina masaukin yake. A bakin teku da rana iska daga teku take busowa zuwa tudu, da dare ta juya, don haka ɗakin da babu wari da azahar zai iya cika da wari da ƙara ƙarfe biyun dare. Ɗakin da tagarsa bata kallon babban titin tireloli shi zaka roƙa.

Mataki na 3: Kayan da zaka ɗauka

Ba sai ka cika jaka ba. Takalmin roba mai dogon wuya wanda ya kama ƙafa sosai, domin mai sako-sako taɓo zai cire maka shi a taku na uku. Riga mai dogon hannu da dogon wando masu haske, rigar da take tare iska ko da gari da zafi, hula, ruwan sha mai yawa tunda duk ruwan da zaka gani na gishiri ne, maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET, filasta mai hana ruwa shiga, tocila, fawa bank, da leda mai zif ta saka waya. Sauke taswirar wurin a waya tun kana da netwok. In zaka samu madubin hangen nesa ko na aro ne ka ɗauka, shi ne bambancin wanda ya ga ɗigo-ɗigo a taɓo da wanda ya ga tsuntsaye. Sanda doguwa ma tana da amfani, da ita zaka dinga gwada ƙasa kafin ka taka.

Mataki na 4: Shiga gari, ka koyi agogo na biyu

Masana'antu da yawa basa barci, aiki kashi uku suke yi awa takwas-takwas, a wurare da yawa canjin ma'aikata yana faɗowa wajen 6 na safe, 2 na rana da 10 na dare. A waɗannan lokutan titin da yake fayau sai ya cika da bas-bas da babura da mutanen da suka gaji suna sauri su isa gida. Kar ka shirya shigowa ko fita a lokacin, amma in kana son ganin garin da ransa ka samu gefe ka tsaya ka kalla. Wuraren cin abinci ma da wannan agogon suke aiki, wasu tun asuba sun buɗe kafin la'asar sun rufe, kar ka bari dare yayi maka da yunwa.

Titunan nan an yi su ne don manyan motoci. Direban tirela baya ganin wanda ya tsaya dab da gefensa ko bayansa, kuma in zai sha kwana sai ya buɗe sosai, toh ka bashi fili. Layin dogon da ka gani ciyawa ta fito a tsakiyarsa kar ka ɗauka ya mutu, jirgin kaya zai iya bi sau ɗaya a rana. Kar kayi fakin a bakin get ko a gefen titin da ruwa yake hawa, in ka ga busasshiyar ciyawar teku da tarkace a kan kwalta ka san ruwa yana zuwa wurin.

Da ɗan gari akan ci gari, don haka abu na farko bayan ka ajiye jaka shine tambaya. Ka gaisa da mai masauki ko wani dattijo a bakin tasha ko ma'aikacin gandun fadama in akwai, ka tambayi wace hanya ce lafiyayya, ina ne ba'a zuwa, sannan ka tambayi maganar jiniya. Garuruwan da suke da matatar mai ko masana'antar sinadarai suna da jiniyar gargaɗi kuma ana gwada ta a ranar da aka sani, a Faransa misali Larabar farko ta kowane wata wajen tsakar rana. In ta kaɗa ba ranar gwaji ba, abinda aka saba umarta shine ka shiga gini mafi kusa, ka rufe ƙofa da taga, ka kashe duk abinda yake jawo iska daga waje, ka saurari sanarwa. In a fili kake babu gini, dubi inda hayaƙi ko tuta take kaɗawa ka yanke iskar ta gefe, kar ka gudu tare da ita. Ka ajiye lambar gaggawa ta ƙasar a waya, a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Birtaniya 999 sai kace a haɗa ka da masu tsaron gaɓar teku.

Mataki na 5: Katangar masana'anta da maganar hoto

Nan ne baƙi suke jawo wa kansu matsala ba gaira ba dalili. Tashar jiragen ruwa, matatar mai, tashar wuta, ma'ajiyar gas, duk wurare ne da hukuma take sa wa ido, a wasu ƙasashen ɗaukar hotonsu laifi ne da zai kai ka ofishin 'yan sanda. Ka karanta allon dake jikin waya, in an hana hoto toh an hana. In maigadi ya tare ka ka gaishe shi da mutunci ka faɗi abinda ya kawo ka, aikinsa yake yi. Jirgi mara matuƙi kam ka barshi a gida, kusa da masana'anta haramun ne a wurare da yawa, a kan fadama kuma yana tarwatsa tsuntsaye. Ma'aikata ma kar ka ɗauke su hoto sai da izininsu.

In kana son shiga ciki ka rubuta musu makonni kafin zuwa, wasu suna da ranar da suke karɓar baƙi, zasu nemi katin shaida su baka hular kwano da riga mai ƙyalli, wani wurin ma a karɓi wayarka da ashana a get. Sau da yawa tsohuwar masana'antar da aka maida gidan tarihi ta fi ba da labari, kuma masu zagayawa da kai galibi tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, ka basu lokaci suyi magana, abinda zasu gaya maka baya cikin kowane allo.

Mataki na 6: Taka garin da ƙafa, ka hau jinga

Garin ƙarami ne, awa biyu ta ishe ka. Fara daga tsohuwar tasha ka bi layin gidajen ma'aikata, ka lura yadda gidajen leburori suke a matse kusa da get, na manya kuma suna can inda iska bata kai musu hayaƙi. Ka lura da tsatsa a jikin ƙarafa da motoci, iskar gishiri ce take cinsu. Sannan ka nemi jinga, wato dogon tudun ƙasa ko kankare da aka gina ya raba gari da ruwa, yawanci akwai hanyar ƙafa a samansa. In ka hau lokacin cikar ruwa ka dubi dama ka dubi hagu, a wasu garuruwan zaka ga ruwa ya fi titin gari tsayi, mutane suna ta harkarsu a ƙasa da teku, famfunan tura ruwa suna aiki dare da rana. Ni duk sanda na ga wannan sai jikina yayi sanyi.

Ka duba jikin tsofaffin gine-gine ko akwai layin da aka zana da shekara, alamar inda ambaliya ta kai. A daren 31 ga Janairun 1953 guguwa ta haɗu da babbar cika a Tekun Arewa, mutum 1,836 suka rasu a Holan, 307 a Ingila, 58 daga cikinsu a tsibirin Canvey na bakin kogin Thames. Fadamar da kake gani a gaban jinga ba banza take ba, ciyawarta da taɓonta suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta daki katanga. A ƙasashe masu zafi wasu itatuwa masu saiwa a waje da ake kira mangurof su suke wannan aikin. Da can mutane suna ganin fadama wurin cikewa ne a gina, sai da aka yi asara aka gane. Yarjejeniyar kare dausayi ta duniya an sa mata hannu a garin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairun 1971, yanzu wurare sama da 2,400 ne a ƙarƙashinta, in ka ga sunan Ramsar a allon shiga ka san wurin yana da daraja a duniya.

Mataki na 7: Shiga fadama

Kafin ka fita ka gaya wa wani inda zaka da lokacin da zaka dawo. Ka tsaya kan hanyar da aka yi, ta katako ce ko ta saman jinga, daga nan zaka ga kusan komai ba tare da ka jiƙa ƙafa ba. Sirrin kallon tsuntsayen bakin teku shine ka isa kamar awa biyu kafin ruwa ya cika ka zauna wuri ɗaya. Lokacin da ruwa ya janye suna can nesa suna kiwo, amma yana cikowa yana koro su wajenka a hankali, har su zo kusa ka ga yadda kowane baki yake da aikinsa, mai dogon baki yana zura shi can ƙasa ya zaro tsutsa, mai gajere yana tsinta a sama, zalɓe kuma yana tsaye cak a ruwa yana jiran kifi. Ka zauna yadda rana zata kasance a bayanka. In akwai ɗakin leƙe na katako shiga a hankali ka rage murya.

Dan Allah kar ka tashe su don ka samu hoton suna tashi. In ruwa ya cika suna taruwa wuri ɗaya su huta, duk tashin da suka yi kitsen da suka tara ne na tafiya yake ƙonewa. Akwai wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki da ake kira godwit, a 2022 an bi sawun ɗaya ɗan wata biyar ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci ba sha. Irin wannan halittar ce take hutawa a gabanka, a bayanta ga bututun masana'anta yana hayaƙi. In ka ga sun daina kiwo sun ɗaga kai gaba ɗaya toh alama ce ka yi kusa da yawa, ja baya. Lokacin ƙwai kuma da yawansu a ƙasa suke sheƙa, ƙwan kamar tsakuwa, zaka taka baka sani ba.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai da zaka ji in ruwa ya janye na taɓon ne, ƙwayoyin halitta ne suke ruɓar da ciyawa inda babu iska sai su fitar da iskar sulfa, a fili kaɗan ne baya cutarwa. Amma irin wannan iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a rami da kwalbati da bakin bututu, kuma in tayi yawa hanci ma daina jinta yake yi, don haka kar ka leƙa ko ka shiga irin waɗannan wuraren. Hazo ma yana saukowa daga teku cikin mintuna, kana ganin ya fara rufe tankuna ka juya. A arewacin Ostireliya da kudu maso gabashin Asiya akwai kada a ruwan gishiri, allon gargaɗi ba ado bane.

Tafiya a kan taɓon kansa, kamar yadda ake yi a tekun Wadden na Holan da Jamus da Denmak, sai da ɗan jagora mai lasisi, a fita lokacin da ruwa yake janyewa a dawo kafin ya juyo. In tsautsayi yasa ka nutse kar ka yi ta fizge-fizge, ƙara shigewa zaka yi. Yar da jaka, jingina baya ka baje jikinka yadda nauyinka zai rarrabu, motsa ƙafa ɗaya a hankali har ruwa ya shiga gefenta ta saki, in takalmi zai tsaya barshi, sannan ka mirgina ko ka ja ciki ta hanyar da ka biyo. Ka kira lambar gaggawa tun da wuri, kar kunya ta sa ka jira ruwa ya kai gwiwa. Wanda yake tare da kai kar ya shigo, ya miƙo sanda ko katako daga inda ƙasa take da tauri, kuma kar a ja mutum da mota ko da ƙarfin tsiya, taɓo yana riƙewa fiye da yadda gaɓoɓi zasu jure.

Mataki na 8: Abinda zaka ci da lafiyar jikinka

Kar ka tsinci kawa ko kaguwa ko ka kama kifi kusa da masana'anta ka ci. Kifin ɓawo tace ruwa yake yi, duk abinda yake cikin ruwan a jikinsa yake taruwa, kuma dafuwa tana kashe ƙwayar cuta amma bata cire gubar ƙarfe. Minamata ƙaramin garin masana'anta ne a gaɓar Japan, masana'antar sinadarai ta daɗe tana zuba ruwa mai makuri, wani ƙarfe mai guba, a teku, mutane suka ci kifi, a 1956 aka tabbatar da cutar da ta lalata wa dubbai jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, har da jariran da suke ciki. Ka sayi naka inda hukuma take dubawa, in akwai allon hana kamun kifi ka bi.

In kana da ciwo a ƙafa ko hannu rufe shi da filasta ko ka haƙura da shiga ruwa, domin ruwan gishiri mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayar cutar Vibrio da take shiga ta ciwo ta bazu da sauri, ta fi tsanani ga mai ciwon hanta ko ciwon suga. In wani ƙarfe ko ɓawo ya yanke ka wanke da ruwa mai tsafta da sabulu nan take, in ka ga wurin ya kumbura yayi ja yana zafi ko zazzaɓi ya zo, asibiti a ranar, ka gaya musu ruwan teku ka shiga. Ka tabbatar allurar tetanus ɗinka bata wuce lokaci ba. Sauro da ƙananan ƙwari masu cizo sun fi yawa da asuba da magariba in iska ta kwanta, shafa magani kafin su fara, in kuma ƙasar tana da zazzaɓin cizon sauro ga likita tun kafin tafiya.

In ka dawo masauki wanke takalmi da sanda da ruwan famfo kafin ka sa a jaka, gishirin yana cin zif da ƙarfe, taɓon kuma yana ɗaukar irin ciyawa da ƙwayoyin cuta daga wannan fadama zuwa wata. Duba jikinka ko kaska ta maƙale, bayan gwiwa da ƙugu da hammata. In da mota kazo a wanke mata ƙasa. Sharar da ka shiga da ita ka fito da ita, har guntun zaren fatsa in ka tsinta, yana naɗe ƙafar tsuntsu. Sai ka kira wanda ka gaya wa zaka fita kace ka dawo, ka duba lokacin motar ƙarshe da zata bar gari, ka sake duba jadawalin gobe, ka tuna lokacin ya matsa da kusan minti 50 ɗin nan.